Kamfanin Da Ke Niƙa Injiniya

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutu, bari in riga ku: na yi ƙarya. Ba da baki na yi ta ba, da layi ɗaya na yi ta a cikin kwamfutar da ta girme ni. To, na faɗa. Masu cewa "ai da ni ce da ban yi haka ba", na ji ku, ba ku taɓa zama gaban Goggona ba ne.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har maƙwabta. Shekarata ashirin da shida. Sana'ata gyaran tsofaffin kwamfutoci, irin masu ƙatuwar ƙeya ɗin nan da farinsu ya koma ruwan ɗorawa. A shagon da ke jikin gidanmu nake aiki, inda Abba ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo kafin idonsa ya fara yi masa gardama. Kwamfuta shida gare ni a jere a kan dogon tebur, duk mutane sun zubar na tashe su. Babbarsu ita muke kira Tsohuwa. In ka kunna ta sai ta yi tari, ta yi nishi, ka je ka haɗa shayi ka dawo, sannan ta buɗe ido.

Ba yabon kai ba, na iya aikina. Burauzar da ke cikin Tsohuwa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba ta san maɓallin fassara irin na wayoyinku ba, shafukan zamani ma in ta gani sai ta sume. Shi ne na zauna na rubuta mata ɗan umarni na cusa a cikin burauzar. Da ka buɗe shafi na wani yare, zai zubar da hotuna da tallace-tallace don kada su shaƙe ta, ya kwashe rubutun guntu-guntu, ya miƙa wa wani ɗan akwati da na maƙale a ƙarƙashin tebur. Akwatin ne ke magana da injin fassara na intanet, ya dawo da komai cikin Hausa. Wata uku na yi kafin ƙ da ɗ da ɓ su daina fitowa kamar akwatunan ashana. Abba ne ya raɗa wa abin suna Tafinta, don da shi yake karanta littattafan tsofaffin rediyo na ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

Sai dai injin fassara wawa ne wani lokaci. Linzamin kwamfuta ya ce ɓera, babban allon cikinta ya ce katakon uwa. Don haka na yi wa Tafinta jerin gyara: duk inda ka ga kaza, ka sa kaza. Jerin yana kan intanet, kuma mu biyu ne kaɗai ke iya rubutu a ciki, ni da Dogo.

Yauwa, mun zo wajen.

Dogo ɗan garinmu ne, mahaifiyarsa tana can bayan kasuwa, amma shekararsa biyar yana aiki a ƙasar waje. A wani zauren hira na masu son tsofaffin kwamfutoci muka haɗu. Na yi cigiyar memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin na Tsohuwa, kowa ya yi ta dariya yana cewa in je gidan tarihi. Bayan sati uku sai ga wani matafiyi ya kawo min ƙunshi, memori biyu a naɗe cikin safa, da 'yar takarda: "Safar wankakkiya ce, kada ki tsorata." Daga nan muka fara. Ya iya yaren ƙasar sosai, shi yake kama wa Tafinta kurakurai, duk ranar Lahadi da ba ya aiki sai ya shiga jerin ya ƙara kalmomi. Wasu samarin turare suke aikowa, nawa kalmomi yake aiko min, kuma wallahi sun fi min.

Aikinsa kuwa bai taɓa ɓoye min ba. A wata masana'anta yake, inda ake kai matattun kayan lantarki. Yana tsayawa gaban bel mai tafiya awa takwas, da rigar aiki ruwan lemo da safar hannu biyu, yana ware na ƙarfe daga na roba, mai sauran rai daga wanda ya mutu murus. Shugabansu yana barin su ɗauki 'yan ƙananan abubuwa, a nan yake tsinto min kayan gyara.

"Ki faɗa musu yadda yake," ya rubuto min tun ranar da na ce zan yi wa su Abba maganarsa. "A cikin tarkace nake aiki. Ba na sata, ba na roƙo."

"Ai ni ma a cikin tarkacen nake," na ce masa. "Ka bar min komai."

Kun ji cika baki ko? To ku saurara.

Ranar da na yi maganar, Goggo tana gidan. Yayar Abba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi, kuma har yau in ta yi magana sai ya sunkuyar da kai. Wata shida tana min tallan ɗan ƙawarta, wani manaja mai mota da ofis mai sanyi. Ba wanda ya ce dole, Abba ba ya haka. Amma Goggo in ta sa ka a gaba, da kanka za ka nemi dolen ka huta. Tana zaune a kan doguwar kujera, mayafinta mai duwatsu ya sha kafaɗa, zobba uku a hannu ɗaya, ta dube ni ta saman gilashi.

"Me yake yi a can ɗin?"

"Yana aiki da kwamfutoci, Goggo. A wata masana'anta."

"Injiniya ne kenan?"

Jama'a, a nan ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce. Amma na ga Umma ta saki fuska, na ga Goggo ta ɗan ja baya kamar an rage mata wuta, sai na sunkuyar da kai na yi ta wasa da bakin ɗankwalina. Shiru ma amsa ce. Kafin sati ya zagayo dangi kaf sun ji cewa Auta ta samo injiniya a ƙasar waje.

Sai bayan kwana goma Abba ya tayar da maganar. Ya shigo shago da safe, ya zauna gaban Tsohuwa, ya goge gilashinsa da bakin riga.

"Auta, mutanen yaron nan sun aiko suna son zuwa. Kafin in ba su rana ina son in ga wajen aikinsa da idona. Kamfanin yana da shafi?"

"Yana da shi, Abba."

"To ranar Asabar da yamma ki buɗe mana. Goggonki ma za ta zo. Tafinta zai karanta mana, shi ba ya son kai."

Na ce to.

Ranar Asabar da safe na rufe ƙofar shago na buɗe shafin ma'aikatan kamfanin. Hotuna ba sa fitowa a Tsohuwa, don haka rigar ruwan lemo ba ta dame ni ba. Rubutun ne matsala. Ga sunansa nan a layi na sha ɗaya, a gabansa Tafinta ya rubuta ɓaro-ɓaro: ma'aikacin tarkace, sashe na uku.

Na daɗe ina kallon kalmar. Na hango bakin Goggo yana maimaita ta a gidan kowane ɗan uwa, tana jan "tarkaaace" ɗin nan yadda ta iya. Na hango manaja ya dawo sabo fil. Na ce a raina, ai ba cutar kowa zan yi ba, yini ɗaya ne kawai, in an ba su rana sai in zauna da Abba in warware masa a hankali. Na san Dogo yana iya ganin jerin, amma sai Lahadi yake shiga, ni kuwa kafin magariba na goge.

Na buɗe jerin gyara, na gangara can ƙasa, na rubuta: duk inda ka ga "tarkace", ka sa "injiniya".

Na sake buɗe shafin. Ma'aikacin injiniya, sashe na uku. Hausar ba ta yi daɗi ba, amma wa zai tsaya duba wannan? Ko ɗan koyo ya san jimlar gaba ɗaya ya kamata in canza, ba kalma ɗaya ba, kuma ya san ana gwada sauran shafuka. Ni da nake koya wa mutane wannan! Amma Umma tana ƙwala min kira in zo in ɗauke shanya, ga kuma kai da ya kumbura, sai na kashe Tsohuwa na fita ina jin kaina gwana.

Ƙarfe huɗu da rabi Goggo ta iso. Ta sha doguwar riga shuɗiya mai aiki a wuya, turarenta ya riga ta shiga shagon, ta tattare gefen rigar kamar ƙurar wayoyina za ta cije ta. Na goge mata kujera. Umma ta tsaya a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, da ludayi a hannu. Ni na sa baƙar rigata mai ɗigon fari da farin mayafi, na yi tsaf, irin ta 'yar kirkin da ba ta da abin ɓoyewa.

"Wannan akwatin gawar ne zai faɗa mana gaskiya?" Goggo ta ce tana hararar Tsohuwa.

"Shi ne, Yaya," in ji Abba. "Ki yi haƙuri ya farka."

Tsohuwa ta yi tarinta ta buɗe. Na shiga shafin ma'aikata, rubutun ya fara sauka layi-layi, yaren waje yana juyewa Hausa a gaban idonmu. Abba ya matso da fuskarsa, ya bi da yatsa har layi na sha ɗaya.

"Ga shi nan. Ma'aikacin injiniya, sashe na uku."

"Alhamdu lillahi," Umma ta ce, har da ɗaga ludayi.

Goggo ta taɓe baki. "To. Allah ya sa haka ne."

Na saki numfashi, na kai hannu zan rufe. Abba ya ɗora nasa a kan linzamin.

"Tsaya mana, saurin me kike? Bari mu ga me kamfanin yake yi."

"Abba, shafin farko yana da nauyi, Tsohuwa ba za ta iya ba."

"Ke kika ce min babu shafin da ya fi ƙarfin Tafinta."

Ni na faɗa, ba sau ɗaya ba. Ya danna. Ban ma gane abin da ke tafe ba sai da ya gyara murya ya fara karantawa da ƙarfi, a hankali, yadda yake karanta komai.

"Barka da zuwa. Shekara arba'in ke nan muna tattara injiniya daga gidaje da ofisoshi." Ya ɗan dakata. "Kada ku jefar da tsohon injiniya a bakin titi. Ku kira mu, za mu zo mu ɗauke shi kyauta."

"Su ɗauke wa?" in ji Goggo.

Innalillahi. Sai a lokacin kaina ya kawo wuta.

Abba ya ci gaba. "Da zarar injiniya ya iso wajenmu, muna ɗora shi a kan sikeli, mu wanke shi, mu ware mai amfani da marar amfani. Marar amfani muna niƙa shi, sannan mu narkar da shi a wuta mai zafin gaske."

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta dafe ƙirji. "Mutane suke niƙawa?"

"A bara kaɗai," Abba ya karanta, muryarsa ko rawa ba ta yi ba, "mun niƙa injiniya tan dubu tara."

Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Goggo ta miƙe tsaye tana tafa hannu.

"Na faɗa muku! Na ce ƙasashen nan ba na Allah ba ne! Kai kuma ka zauna kana karanta min kamar labaran rana! Ko dai kamfanin matsafa ne, ko wannan akwatin ya haukace, ko kuma," ta juyo kaina, idonta ya ƙanƙance, "akwai wadda ta san abin da ba mu sani ba."

Abin nema ya samu a wajen Goggo.

Abba ya cire gilashinsa ya ninke. "Yaya, ki shiga ciki ki sha ruwa. Zan duba injin."

"Ba inda za ni."

"Yaya, don Allah."

Ban taɓa jin ya maimaita mata magana ba. Ta yi tsaki, ta ja mayafi, Umma ta bi bayanta ta rufe ƙofa.

"Buɗe min jerin gyara," ya ce.

Ya san jerin. Kalmomin rediyo da ke ciki duk shi ya ba ni. Na buɗe, ya karɓi linzamin ya gangara da kansa har ƙasa. Ya mayar da gilashi ya karanta layin sau biyu, leɓensa yana motsi.

"Tarkace," ya ce. "Aikinsa ke nan?"

"E, Abba. Yana ware matattun kayan lantarki."

"Shi ya ce ki yi wannan?"

"A'a. Cewa ya yi in faɗa muku yadda yake."

Ya jinjina kai. Da ma ya yi min faɗa, da ya fi min sauƙi.

"Auta, dubi shagon nan." Na duba. Kwalaye cike da mushen rediyo har rufi, wayoyi a rataye, gwangwanayen sukurori. "Da me na ciyar da ku? Da me na kai ki makaranta? Wa kika ji wa kunya, ni ko shi?"

"Goggo na ji tsoro, Abba."

"Goggonki ba ita za ta zauna da shi ba. Bakinta kwana bakwai ne, ta samu wani ta koma kansa." Ya nuna fuskar kwamfutar. "Ni aikin yaron bai dame ni ba. Mutumin da ke tsayawa awa takwas a kan ƙafarsa, ya kuma ce a faɗi gaskiyarsa, ba ni da abin da zan tambaye shi kuma. Ke ce matsalata. Shekara biyu ina karanta duk abin da injin nan ya ba ni ina yarda, don na san hannun wa ya bi. Yau kin sa shi ya yi min ƙarya a shagona."

Hawaye suka zubo min. Ban share ba.

"Ba zan ba mutanensa rana ba," ya ce, "sai ya san abin da kika yi. Ba zan miƙa wa mutum 'yar da ta canza masa suna a bayan idonsa ba. In ya sani ya ce yana so, bismilla. In ya ce ya fasa, ke kika jawo."

Ya tashi zai fita. Ni kuma wani abu ya taso min, irin taurin kan da Umma ke cewa a wajensa na gado.

"Abba, tsaya. Kira min Goggo."

Ya dube ni. "Kin tabbata?"

"Ni na ɓata, ni zan gyara."

Na goge layin a gabansa, na koma shafin ma'aikata. Goggo ta shigo da kofin ruwa a hannu, Umma a bayanta. Ban bari kowa ya zauna ba. Na share fuskata, na tsaya kusa da Tsohuwa, na sa yatsa a layi na sha ɗaya, na karanta da muryar da maƙwabta ma za su ji.

"Ma'aikacin tarkace, sashe na uku. Shi ne aikinsa, Goggo. Ba injiniya ba ne, bai taɓa cewa shi injiniya ba ne. Ni na canza kalmar da safe don ina tsoron bakinki. Kamfanin ba ya niƙa kowa."

Goggo ta ajiye kofin a hankali. "Tarkaaace," ta ce, daidai yadda na hango. "Ɗan bola kenan. Ki bar manaja da mota ki ɗauko mana ɗan bola?"

"Shi nake so. Duk kwamfutar da ke shagon nan akwai abin da ya tsinto a cikinta. In ɗan bola ne, to ni 'yar bola ce, kuma Abba ne ya koya min."

"Ka ji ko? Ka ji 'yarka?"

"Na ji ta, Yaya," in ji Abba. "Yanzu ne na ji ta."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni. Goggo ta yi ta faɗa har ta sa takalmi, ta ce ba ruwanta, ta ce kada a neme ta, ta kuma tambayi Umma ko an zuba mata nata abincin a kwano ta tafi da shi. Na raka ta har bakin titi ina riƙe mata jaka. Ina dawowa ina ce wa kaina, shi ke nan, mai wuyar ta wuce. Saura Dogo, kuma Dogo nawa ne. Gobe Lahadi zan kira shi in ba shi labarin injiniya tan dubu tara, ya yi dariya har ya faɗo daga gado, a cikin dariyar in saka ban haƙuri. Har na tsara yadda zan fara.

Na shiga ɗaki, na cire mayafi na jefa kan gado, na ɗauko wayata da na bari a caji tun azahar. Saƙo huɗu, duk nasa.

Na farko, ƙarfe ɗaya da minti goma: "Mun fita hutun cin abinci. Na ji wata kalma a bakin shugabanmu, bari in sa miki a jeri kafin in manta."

Na biyu, bayan minti uku: "Auta, mene ne wannan a ƙasa?"

Na uku hoto ne. Layina, ya zagaye shi da ja.

Na huɗu: "Ban goge ba. Ke kika rubuta."

Na zauna a bakin gado. Tun ƙarfe ɗaya ya sani. Duk lokacin da nake goge wa Goggo kujera ina gyara mayafi, shi yana can gaban bel da wannan a ransa. Na fara rubutu da sauri.

"Na goge. Na faɗa musu gaskiya duka, har Goggo, a tsaye, da bakina. Abba ya ce ba ruwansa da aikinka. Don Allah ka yi haƙuri, tsoro ne ya sa ni."

Ya karanta nan take. Amsar ba ta daɗe ba.

"Na ga kin goge. Amma jerin yana ajiye lokacin da aka rubuta kowane layi, ke kika nuna min wajen. Ƙarfe tara daidai kika rubuta wannan."

"E."

"Duba abin da kika turo min tara da kwata."

Akwai abin da na tsallake ɗazu da nake ba ku labarin safiyar, don kunya. Bayan na kashe Tsohuwa, kafin in je ɗauke shanya, zuciyata ta ɗan dame ni, sai na ɗauki waya na tura masa saƙo don in ji sanyi. Ban buƙaci in duba ba, amma na ja hirar sama. Ga shi nan, har da 'yar zuciya ja a ƙarshe: "Ka san dai ina alfahari da kai ko?"

Shi kuma ya amsa a lokacin: "Wannan ya ishe ni yau."

Wallahi ban taɓa jin na tsani hannuna ba sai a wannan lokacin. Na fara rubuta bayani mai tsawo, na goge. Na sake farawa. Kafin in gama nasa ya shigo.

"Kada ki rubuto. Na ga yadda kike da rubutu. Goggonki ba ta dame ni ba, Auta, ba ita nake tunawa ba in ƙafata ta fara ciwo a wajen nan. Tambaya ɗaya gare ni, kuma da murya nake son amsarta: tsakanin na ƙarfe tara da na tara da kwata, wanne ne ke? Zan kira in na tashi aiki. Ki sa Abba a kusa, duk abin da za mu yanke ya ji da kunnensa."

Na fita tsakar gida da wayar a hannu. Abba yana zaune a kan tabarma yana kwance wata 'yar rediyo. Na miƙa masa, ya matso da ita kusa da ido, ya karanta har ƙarshe, ya miƙo min.

"Yaron nan ya fi ki hankali," ya ce.

"Na sani, Abba."

"Kin san amsar?"

"Na sani."

"To ba ni za ki gamsar ba." Ya matsa ya ba ni wuri a kan tabarmar.

Amsar tana bakina, kuma ba na shakkar ta: duka biyun ni ce, wadda ta ji tsoro da wadda take alfahari, kuma ta farkon ba za ta sake taɓa masa suna ba. Haka zan faɗa masa, ba ƙari ba ragi. Abin da ban sani ba shi ne ko mutumin da ke ware mai sauran rai daga matacce awa takwas kullum zai ga akwai abin ɗauka a cikin wannan amsar.

Na ajiye wayar a tsakanina da Abba, na ƙure ƙararta. Saura minti ashirin ya tashi aiki.